FASHIN BAƘI: Yadda ake samar da hanyoyin keke masu natsuwa a karkara, da abin da ke hana su ɗorewa

A ranar 30 ga Satumba, 1992, aka rufe mahaƙar kwal ta Zolder, wadda ita ce ta ƙarshe da ta rage a ƙasar Beljiyam. Lardin Limburg da ke arewa maso gabashin ƙasar ya wayi gari da tsibin baƙar ƙasa, da manyan gine-ginen da ba kowa a ciki, da dubban magidanta waɗanda sana'ar da suka gada ta ƙare. Shekara uku bayan haka, a 1995, aka soma kafa wasu ƙananan alluna masu ɗauke da lambobi a mararrabun hanyoyin ƙauyukan lardin. A yau waɗannan alluna sun haɗe hanyoyi masu tsawon kimanin kilomita 2,000, kuma tsarin ya bazu zuwa sauran sassan Beljiyam, da Holan, da wasu yankunan Jamus da Faransa.

Wanda ya ga hoton tsoho da jikarsa a kan kekuna suna ratsa gonaki, babu mota ko ɗaya a kusa, zai iya ɗauka cewa haka Allah Ya yi wurin. Amma natsuwar da ke kan irin wannan hanya yin ta aka yi. Wani ya zauna ya zaɓi hanyar, wani ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudun mota a kanta, wani kuma yana ware kuɗin gyaranta duk shekara. Inda ɗaya daga cikin waɗannan uku ya ɓace, allon da ke gefen hanya kan koma tarko ga wanda ya amince da shi.

Lardin da kwal ya gina

A 1901 wani masanin ma'adinai mai suna André Dumont ya gano kwal a ƙauyen As. Kafin wannan lokaci yankin Kempen na Limburg fili ne mai yashi da ƙarancin jama'a, noma ba ya albarka sosai. A shekarun da suka biyo baya aka buɗe manyan mahaƙu bakwai: Beringen, Zolder, Houthalen, Winterslag, Zwartberg, Waterschei da Eisden. A lokacin da harkar ke tashe, sun ɗauki ma'aikata fiye da 40,000, da yawansu baƙi daga Poland, Italiya, Girka, Sifen, Turkiyya da Maroko. Shi ya sa har yau ake ganin masallatai da gidajen abincin Turkawa da na Italiyawa a garuruwa irin su Genk da Beringen.

Da man fetur da kwal ɗin ƙasashen waje suka fi na gida araha, sai mahaƙun suka soma faɗuwa. An rufe ta Zwartberg a 1966, kuma mutum biyu suka rasa rayukansu a arangamar da aka yi da jami'an tsaro lokacin zanga-zangar adawa da rufewar. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 1992. Lardin bai gama farfaɗowa ba sai ga wani bugun: kamfanin Ford ya rufe masana'antarsa ta Genk a Disambar 2014, ma'aikata fiye da 4,000 suka rasa aiki kai tsaye.

A cikin wannan hali ne aka kafa wata ƙungiyar kula da muhalli da raya karkara a 1990, mai suna Regionaal Landschap Kempen en Maasland. Tunaninta shi ne dazuzzuka da tafkuna da filayen da kwal ya bari su ma dukiya ce, idan aka samu hanyar da mutane za su shiga su gan su. A nan wani injiniyan ma'adinai, Hugo Bollen, ya kawo tsarin da ya sauya yadda ake yawo da keke a wannan sashe na Turai.

Yadda tsarin lambobi ke aiki

Kafin tsarin Bollen, hanyoyin yawon keke zagaye ne ƙayyadadde. Hukuma ta zana zagaye mai tsawon kilomita 40, misali, ta ba shi suna, ta kafa kibiyoyi. Mahayi ko dai ya bi shi gaba ɗaya ta fuskar da aka tsara, ko ya ɓata. Wanda ya gaji a tsakiya ba shi da mafita, wanda kuma ya taɓa bi sau ɗaya ba shi da dalilin dawowa.

Bollen ya juya lissafin. Aka fara da tantance hanyoyin da suka dace da keke: ƙananan titunan ƙauye, gefen magudanun ruwa, hanyoyin daji, tsoffin layukan dogo. Duk inda biyu ko fiye daga cikinsu suka haɗu, sai a ba wa mararrabar lamba. A kowace mararraba akwai allo da ke nuna lambarta, da kibiyoyi zuwa lambobin da ke maƙwabtaka da ita, sau da yawa kuma da taswirar yankin mai ɗauke da nisan da ke tsakani. Tsakanin mararraba da mararraba, ƙananan alluna na ci gaba da nuna lambar da aka dosa, ta fuska biyu, zuwa da dawowa.

Mahayi ba ya buƙatar komai sai jerin lambobi a ɗan guntun takarda da zai manna a kan keken. Idan hadari ya taso, ya duba taswira ya yanke ta gajeriyar hanya. Idan ƙarfi ya rage masa, ya ƙara lambobi biyu. Baƙon da ba ya jin yaren wurin ma zai iya bi, domin lamba ba ta buƙatar tafinta, abin da ke da muhimmanci a lardin da ke kan iyaka da Holan, kuma kusa da Jamus da yankin masu jin Faransanci.

Ta fuskar hukuma, tsarin yana da araha. Mafi yawan hanyoyin suna nan tun da daɗewa, abin da aka ƙara shi ne alluna, da gyaran wuraren da suka lalace, da 'yan guntayen hanyoyi domin haɗe wuraren da suka yanke. A Holan kaɗai, irin wannan tsari ya wuce kilomita 30,000 a yanzu. Sai dai allo ba ya rage wa mota gudu. Darajar lambar tana ga alkawarin da ke bayanta, wato cewa an duba wannan hanya an ga yaro da tsoho za su iya bin ta.

Mece ce hanya mai natsuwa?

Injiniyoyi ba sa auna natsuwa da kyan gani. Abu biyu suke ƙirgawa: yawan motocin da ke bi a yini, da gudun da suke yi.

Ma'aikatar Sufuri ta Birtaniya ta fitar da jagorar zana hanyoyin keke a 2020, wadda aka fi sani da LTN 1/20. A cikinta, hanyar da mota da keke za su yi tarayya ta dace da yawancin mutane idan gudun bai wuce mil 20 a sa'a ba, wato kimanin kilomita 32, kuma motocin ba su wuce kimanin 2,000 a yini ba. Ga karkara, inda rage gudu zuwa haka ke da wuya, jagorar ta amince da mil 30 a sa'a, kimanin kilomita 48, muddin motocin ba su haura 1,000 a yini ba. Da zarar an wuce wannan, shawarar ita ce a raba keke da mota, a gina wa keke tasa hanyar.

Dalilin yana cikin lissafin kimiyya. Idan mota ta ninka gudunta, ƙarfin bugunta da nisan da take buƙata kafin birki ya tsayar da ita sukan ninka sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100, kuma haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Mai keke, a wannan lissafi, ɗan uwan mai tafiya a ƙasa ne, domin shi ma jikinsa ne bodin motarsa. Rahoton hukumar na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

A nan ne hanyar ƙauye ke yaudara. Rashin cunkoso kan sa direba ya taka mota son ransa. Hanyar ƙunci ce, ga kwana, ga shinge ko dogayen shuke-shuke da ke tare gani, asibiti kuma yana nesa. A Birtaniya, dokar ƙasa ta yarda a yi gudun mil 60 a sa'a, kusan kilomita 97, a kan ƙananan titunan karkara da ba a sa wa wata iyaka ta musamman ba, kuma fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a haɗurran hanya a ƙasar a titunan karkara suke mutuwa. Mota goma kacal a sa'a, idan kowace na gudun kilomita 90, sun isa su hana uwa barin ɗanta ya hau keke zuwa makaranta.

Dokar gudu, siyasa ce tsantsa

Holan da ake buga misali da ita yau ta taɓa zama ƙasar mota. A farkon shekarun 1970 fiye da mutum 3,000 ke mutuwa a titunanta kowace shekara, kuma a 1971 fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Wani ɗan jarida mai suna Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe 'yarsa, ya rubuta sharhi a 1972 da ya zama tushen gangamin Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kisan yara. Rikicin man fetur na 1973, wanda ya tilasta wa gwamnati hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi, ya ƙara wa masu gangamin hujja.

Sauyin karkara ya zo daga baya. A ƙarshen shekarun 1990, ƙarƙashin tsarin kiyaye haɗurra da suke kira Duurzaam Veilig, aka rarraba tituna bisa aikinsu: na dogon zango, na haɗa garuruwa, da na shiga gidaje da gonaki. Rukuni na ƙarshe a karkara aka rage masa gudu daga kilomita 80 zuwa 60. Ba a tsaya ga sauya allo ba. An goge layin tsakiya, an zana filin keke a gefe biyu ta yadda titin zai yi wa direba ƙunci a ido, an ɗaga mararrabu domin dole mota ta lafa. Manufar ita ce hanyar da kanta ta gaya wa direba gudun da ya dace, ko da babu ɗan sanda a kusa.

Yankin Flanders, wanda Limburg ke cikinsa, ya rage gudun titunan wajen gari daga kilomita 90 zuwa 70 daga ranar 1 ga Janairu, 2017. Ireland ta rage na ƙananan titunan karkara daga 80 zuwa 60 a Fabrairun 2025. Tsibirin Jersey ya fi kowa tsanani: tun shekarun 1990 ya ware wasu hanyoyin ƙauye inda mota ba ta wuce mil 15 a sa'a, kimanin kilomita 24, kuma masu tafiya a ƙasa da masu keke da mahaya dawaki ke da fifiko.

Ba ko'ina aka sha da daɗi ba. A Yulin 2018 gwamnatin Faransa ta rage gudun titunan karkara masu hannu biyu daga kilomita 90 zuwa 80. Mutanen karkara da dama, waɗanda ba su da jirgin ƙasa ko bas sai motarsu, sun ɗauki matakin a matsayin hukuncin da 'yan birnin Paris suka yanke masu ba tare da shawara ba. Wannan fushi na cikin abubuwan da suka rura zanga-zangar masu rawayar riga da ta ɓarke a Nuwamban shekarar, tare da ƙarin harajin mai. A ƙarshen 2019 aka yi dokar da ta bai wa hukumomin larduna damar komawa 90 a wasu tituna, da yawansu kuma suka koma. Darasin a fili yake: dokar da za ta kare mai keke tana taɓa lokacin manomi da ɗan kasuwa da ma'aikacin jinya mai zuwa aiki daga nesa, kuma idan ba a zauna da su ba, ba za ta yi ƙarko ba.

Lokacin da allo ya yi ƙarya

Birtaniya ta bi wata hanya dabam, kuma abin da ya same ta ya cancanci nazari. A 1977 wasu masu fafutuka a birnin Bristol suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Sustrans. Tsakanin 1979 da 1986 suka mayar da tsohon layin dogo tsakanin Bristol da Bath hanyar keke da ƙafa, yawancin aikin da hannun 'yan sa-kai. A 1995 ƙungiyar ta samu tallafin fiye da fam miliyan 40 daga asusun cacar ƙasa domin kafa hanyoyin keke na ƙasa baki ɗaya.

Tsawon ya yi ta ƙaruwa har ya kai mil 16,575. Adadi ne mai daɗin faɗa a taron manema labarai. Amma kimanin kashi ɗaya bisa uku ne kawai ba ya tarayya da mota. Sauran tituna ne na yau da kullum da aka manna wa shuɗin allo, da yawansu a karkara inda doka ta yarda da gudun mil 60. Wasu sun kasance masu natsuwa lokacin da aka zaɓe su, sai sababbin unguwanni da manhajojin nuna hanya na waya suka kwararo masu da motoci.

A 2018 Sustrans ta binciki hanyoyin nata da kanta, ta wallafa sakamakon: kashi 42 cikin 100 sun faɗa rukunin mafi muni. A 2020 ta cire ko ta sauya matsayin kusan kashi ɗaya bisa huɗu na hanyoyin, tsawon ya koma ƙasa da mil 13,000. Ma'aunin da ta ɗauka shi ne hanyar da ɗan shekara 12 mai hankali zai iya bi shi kaɗai. Wasu yankunan karkara da ke cin abinci da masu yawon keke sun koka da cire su daga taswira, amma ƙungiyar ta ga cewa barin allon a kan hanya mai haɗari ya fi muni.

Matsalar ta samo asali ne daga rabon iko. Sustrans ƙungiyar agaji ce, ɗan ƙaramin kaso na hanyoyin ta mallaka, kuma ba ta da ikon sauya dokar gudu. Wannan iko na hannun hukumomin yanki. Dokar Sufuri ta 2000 ta ba su damar ayyana wasu titunan ƙauye a matsayin hanyoyin natsuwa, an kuma gwada hakan a Norfolk da Kent, sai dai ayyanawar ita kaɗai ba ta rage iyakar gudu. Mai kafa allo daban, mai doka daban, mai kuɗin gyara daban. Duk aikin da aka raba haka, ranar da abu ya lalace ba a samun wanda za a riƙe.

Gadon jirgin ƙasa

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa rigima da direbobi ita ce samun wurin da mota ba ta taɓa bi ba. Sifen ta yi amfani da wannan dama. Wani ƙidayar da aka yi a 1993 ya gano fiye da kilomita 7,600 na layukan dogo da aka daina amfani da su ko ba a ma kammala ba. A shekarar aka ƙaddamar da shirin Vías Verdes, wato koren hanyoyi, ƙarƙashin jagorancin gidauniyar jiragen ƙasa ta ƙasar tare da ma'aikatun gwamnati da ƙananan hukumomi. Zuwa yanzu an mayar da fiye da kilomita 3,000 hanyoyin keke da ƙafa. Daga cikin mafi tsawo akwai ta Ojos Negros, kimanin kilomita 160, wadda ke bin layin da a da ke ɗaukar tama daga lardin Teruel zuwa gaɓar teku kusa da Valencia.

Tsohon layin dogo na da fa'idodi uku. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, saboda haka hanyar a miƙe take, ba ta wahalar da yaro ko mai keken guragu. Gadoji da ramukan ƙarƙashin duwatsu suna nan, an riga an biya kuɗinsu. Filin kuma dogo ne, mai shi ɗaya, galibi gwamnati. Wannan na ƙarshe shi ne mafi saurin salwanta. Da zarar an yanka filin an sayar, ko an bar mutane sun yi gini a kai, haɗa shi kuma sai an biya diyya mai yawa. Mayar da shi hanyar keke na tsare shi a hannun jama'a, har zuwa ranar da za a sake buƙatar jirgin.

Wa ke biya, wa ke cin moriya?

Wani nazari da aka yi wa Majalisar Dokokin Tarayyar Turai a 2012 ya ƙiyasta cewa yawon buɗe ido a kan keke na juya kuɗi kimanin yuro biliyan 44 a shekara a nahiyar. Abin da ya bambanta wannan kuɗi shi ne inda yake sauka. Mai mota kan cika tanki a birni, ya wuce ƙauye goma bai tsaya ba. Mai keke ba ya iya ɗaukar kaya da yawa, yunwa da ƙishi na kama shi da wuri, saboda haka sai ya tsaya a shagon ƙauye, ya ci abinci, ya kwana a ƙaramin masauki, ya kai wa mai gyara faci.

Limburg ta gane cewa da zarar maƙwabta sun kwaikwayi lambobinta, sai ta nemi wani abin jan hankali. A 2016 ta buɗe wata hanya a Bokrijk mai tsawon mita 212 da ke ratsa tsakiyar tafki, ruwa na daidai da idon mahayi ta gefe biyu. Mujallar Time ta sa ta cikin jerin fitattun wuraren duniya na 2018. A 2019 aka buɗe wata a dajin Bosland, mai tsawon mita 700, da ke zagayawa tana hawa har mita 10 a tsakanin bishiyoyi. A 2021 aka ƙara gadar katako a gandun Hoge Kempen, gandun ƙasa na farko a Beljiyam, wanda aka buɗe a 2006 a yankin tsoffin mahaƙun.

Duk da haka akwai abin lura. Yawon keke bai maye gurbin albashin ma'aikata 40,000 ba, kuma ayyukan da yake samarwa da yawansu na lokacin zafi ne. Hanyar da aka zana domin mai yawon shaƙatawa tana lanƙwasa ta bi wurare masu kyan gani, alhali ɗalibi da ma'aikaci miƙaƙƙiyar hanya suke so, abin da ya sa Flanders ke gina wasu manyan hanyoyin keke dabam domin masu zuwa aiki. Gada mai ƙayatarwa tana samun ɗan siyasar da zai yanke mata ƙyalle, amma sauya allon da ya karye da share saiwar da ta fasa kwalta ba sa samun mai ɗaukar hoto. A tsarin lambobi kuwa, allo ɗaya da ya ɓace ya isa ya ɓatar da mahayi.

Haɗari ma bai ƙare ba. A 2022 masu keke 291 suka mutu a titunan Holan, daga cikin mutum 737 da haɗurran hanya suka kashe a shekarar, kuma tsofaffi ne suka fi yawa a cikinsu. Yaɗuwar keke mai lantarki ta sa mutane masu shekaru na tafiya nesa da sauri fiye da da, a kan hanyoyin da aka zana domin keke mai tafiyar hawainiya.

Inda zancen ya shafe mu

Najeriya ta taɓa gwada kiran jama'a zuwa ga keke. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta jan hankalin 'yan ƙasa su rungumi keke, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja, inda wata bas ta ture shi cikin kwata. An yi ta raha da labarin, amma ya nuna abin da Birtaniya ta gano daga baya da tsada: kira da allo ba sa kare mahayi idan hanyar ba ta sauya ba.

Bambancin da ke tsakaninmu da Limburg babba ne. A karkarar Arewa keke abin neman abinci ne, shi ke kai buhu kasuwa, ya kai yaro makaranta, ya ɗauko jarkar ruwa, kuma cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara masa daraja. A sassan da 'yan bindiga suka addaba kuwa, shirun hanya alamar tsoro ce, kuma babu injiniyan da zai gyara wannan da fenti. Amma tambayar wa ke da alhakin hanyar ƙauye tana da amsa a rubuce. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina tituna da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, har ma da bayar da lasisin kekuna da amalanke. A ranar 11 ga Yuli, 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Saboda haka duk lokacin da aka zo ƙaddamar da sabuwar kwalta da ta ratsa ƙauye, akwai tambayoyin da suka fi tsawon kilomita muhimmanci. Da wane gudu motoci za su riƙa wucewa ta gaban makaranta da kasuwa, kuma me aka gina da zai tilasta masu lafawa? An bar wa mai keke da mai tafiya a ƙasa kafaɗar hanya, ko kwaltar ta ƙare daidai inda tayar tirela ke bi? Wace hukuma ce za ta gyara ta bayan damina uku, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta hakan? Hanyar burji da aka mayar kwalta ba tare da amsa waɗannan ba takan ƙara wa mai mota sauri, ta kori mai keken da ya riga kowa bin ta.